Littafin da Ya Tsaya a Jidda

Tun ranar da na dawo ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a bakin tasha a tambaye ni, har wanzamina sai da ya tsai da aska a tsakiyar kaina ya ce, "Alhaji Yakubu, wai da gaske an kama ka a Jidda?" Ba a kama ni ba, riƙe ni aka yi, kuma akwai bambanci. Tun da kowa yana ƙara wa labarin abin da ya ga dama, na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, daki-daki, yadda ya faru.

Sai na fara da littafin, domin shi ne tushen maganar. Ni helma ne, wato shugaban leburori, a aikin layin dogo. Na yi karatun allo a gida, amma ban taɓa shiga ajin boko ba. Wanda ya koya mini boko abokin aikina ne, Istifanus, maƙerin tasharmu, Kirista daga kudancin Zariya. Lokacin hutun rana mukan zauna a inuwar wani tsohon tarago, ya buɗe littafin addininsu da aka juya da Hausa, ya karanta ina rubutawa. Tun farko na kafa masa sharaɗi: ban da wajen ibada a cikin littafin. Ya yarda, bai kuma taɓa saɓawa ba. Wajen da yake zaɓowa ya ce hikimomin Annabi Sulaimanu ne, gajerun maganganu a kan malalaci, da mai yawan surutu, da mai tauye awo, da zaman maƙwabtaka. Na rubuta arba'in da ɗaya, kowace da lambarta.

Littafin rubutun ma nasa ne ya ba ni. A wurin aikinmu kowa yana da alamar da yake sa wa kayansa, don kada guduma da sifana su cakuɗe. Tawa zane uku ce. Ta Istifanus gicciye ce, kuma ya zana ta da tawada a bangon littafin kamar yadda yake yi wa komai nasa. Shekara shida ina kallon alamar nan, har idona ya daina ganinta. Da tafiya ta tashi, na ga fiye da rabin shafukan babu komai. Ba na son ɓarna, sai na ce a ciki zan riƙa rubuta zangunan hanya.

Ba ni kaɗai na tafi ba. Ni ne muharramin yayata, Yaya Asabe, wadda ta goye ni bayan rasuwar innarmu. Ta haura sittin, ƙafarta ta hagu tana kumbura, amma bakinta lafiyarsa lau. Har yau "Auta" take ce mini, ko a gaban leburorina.

Zango na farko, Kano zuwa Maiduguri a babbar mota, kwana biyu, taya ta fashe sau uku. Na biyu, zuwa Fallomi, inda muka haye kogi a jirgin fito, ma'aikatan iyaka suna yi mana Faransanci muna gyaɗa kai. Sauron garin ya fi na kowane gari da na sani. Na uku, ta Abashe zuwa Jinena, bakin ƙasar Sudan. Nan aka tsare mu kwana tara aka yi mana allura biyu, Yaya ta gaya wa mai allurar cewa ko jaki ba a soka wa ƙarfe haka. Allah ya sa bai jin Hausa. Abincinsu wata gurasa ce mai tsami, siririya kamar takarda, suna ce mata kisra. Kwana uku Yaya tana kushe ta, a na huɗu na same ta a madafar masu masauki tana koyon yi.

Daga Al-Ubayyid muka shiga jirgin ƙasa. Na leƙa layinsu da kyau. Ƙarfen ba laifi, amma yashi ya cinye katakon a wurare da yawa, da a ƙarƙashina yake da wani ya sha faɗa. Muka ratsa Hartum muka sauka Bur Sudan, aka loda mu a jirgin ruwa kamar buhuna. Ruwan teku yana fantsamowa kan kayan mutane, sai na naɗe littafina cikin tsumma na cusa a ƙasan adudun Yaya, wanda yake da murfi mai kyau. Da aka busa ƙaho aka ce mun daidaita da mikati, muka yi wanka muka ɗaura harami. Malamin ayarinmu ya tuna mana cewa daga yanzu babu gardama, babu zagi, babu faɗa. Yaya ta dube ni ta ce, "Ka ji ko, Auta? Da kai ake."

Mun sauka Jidda saura kwana shida a hau Arfa. Zafin garin mai ɗanko ne, gumi ba ya bushewa. A rumfar kwastan yawancin kaya alli kawai ake goga musu a wuce. Namu ma da haka za a yi, sai ma'aikacin ya sunkuya kan adudun Yaya, ya ɗago da sauri yana toshe hanci. Daddawa ce, ta kwana arba'in tana tafiya cikin zafi. Ya sa aka zazzage komai: kuka, yaji, busasshiyar kuɓewa, zannuwa, sannan tsumma. Ya warware tsumman. Na ga fuskarsa ta canza kafin in gane dalili.

Ya ƙwala kira, wani baƙin mutum mai kimanin shekara arba'in ya zo, sanye da farar jallabiya.

"Salamu alaikum, ya Hajji. Ni Abdullahi ne, tafinta. Kakana Bakatsine ne, da ƙafa ya zo ƙasar nan. Hausata ta cikin gida ce, ka yi haƙuri da ita." Ya saurari ma'aikacin, ya juyo. "Yana tambaya, wannan alama ta mece ce? Kuma yana tambaya ko kai Nasara ne."

Jini ya hau mini kai. Ni da na ratso ƙasa uku, a tsaya a tambaye ni haka ina cikin harami! Na tuna maganar malamin ayari, na haɗiye. Na yi kalmar shahada, na karanta Fatiha. Ma'aikacin ya saurara har ƙarshe, sannan ya buɗe littafin yana nuna lambobin da yatsa.

"Ya ce karatunka ya yi," in ji Abdullahi, "amma akwai masu shigo da rubutun mishan su raba wa mutane. Ya ce ga alama, ga rubutun Turawa, ga lambobi irin na littafinsu. Kuma sunanka Yakubu, su ma suna da shi. Sai an kai wa shaihin da ke hukunci a kan littattafai ya duba."

Ma'aikacin ya jefa fasfona cikin aljihun tebur. Ya ɗauki na Yaya ya jefa a kai, domin mace ba ta wucewa sai da muharraminta. Wanda ba shi da fasfo ba ya hawa motar Makka. Idan shaihi bai gamsu ba, a Jidda za mu zauna har alhazai su sauko, a mai da mu jirgi.

Da a ɗakin tsaro za mu kwana, sai Abdullahi ya tsaya mana kafili, wato shi za a kama idan muka gudu. Ya kai mu unguwar Sa'alaba, gidan surukarsa Hajja Hawwa, Bahausar Sudan mai sayar da waina a ƙofar gida. Gidan ɗaki biyu ne da rumfa, ruwan sha kuwa a garwa ake kawowa a kan jaki. Ta karɓe mu kamar ta san mu, ta kawo dafaffen wake mai mai da faffaɗar gurasa mai zafi. Bayan abinci aka kawo gahawa mai ɗaci a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ina shanyewa a sake zubawa. A gida ba a mai da hannun mai masauki, don haka na yi ta sha har bakwai, zuciyata tana bugawa.

"Ɗan'uwa," in ji Hajja Hawwa, "in ka ƙoshi girgiza kofin ake yi. Ko so kake ka ƙarar mini da tulun?"

An rubuta mana takarda cewa gobe ƙarfe uku mu je gidan shaihi a Balad, tsohon gari. Abdullahi ya ce wani jirgi zai shigo da safe, amma zai roƙi izini ya zo ya ɗauke mu. Na ce kada ya wahala, ya kwatanta mini gidan mu haɗu can. Na nuna masa agogona na ce, "Ni ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ban taɓa makara ba."

Ƙarfe uku saura kwata muna ƙofar gidan, ni da Yaya tana jan ƙafa. Ƙofa a rufe. Muka tsaya har aka kira la'asar, masu kanti suka yafa tsumma a kan kayansu suka tafi salla, babu mai gadi, abin da ban taɓa gani ba a kasuwanninmu. Can sai ga Abdullahi a guje.

"Ya Hajji, ina ka shiga? Tun hantsi shaihi yake jira! Na dawo Sa'alaba an ce kun tafi kallon teku."

Haka ne, na kai Yaya ta sha iska da safe, tun da a ganina muna da lokaci. Na miƙa masa agogo. Ya duba ya dafe kai.

"La haula! Wannan lokacin Turawa ne. A nan rana tana faɗuwa sha biyu ta buga, daga nan ake ƙirgawa. Ƙarfe ukunmu hantsi ne. Halas, shi ke nan, yau ta wuce. Gobe kuma Juma'a. Sai Asabar."

Ranar Juma'a muna zaune a rumfar Hajja Hawwa labari ya zo cewa ayarinmu ya tashi zuwa Makka. Abdullahi ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Ka saurare ni, ya Hajji. Ma'aikacin nan ya riga ya ce rashin zuwanka alamar rashin gaskiya ce. Shaihi ba ya karanta boko, ba ya jin Hausa, abin da na faɗa shi zai ji. Ka ce maganganun kakanninku ne ka rubuta. Alamar kuwa ta aikin jirgin ƙasa ce, wannan ma ai gaskiya ne. Kada ka ambaci littafin Nasara, kada ka ambaci abokinka. Minti biyar an gama."

"Ina cikin harami," na ce.

"Haramin ai don ka je Makka ka ɗaura shi," in ji Hajja Hawwa. "In ba ka je ba, me ya amfana?"

Na dubi Yaya, ina jiran ta zazzaga mini masifa kamar kullum. Ba ta yi ba. Tana zaune ta miƙe kumburarriyar ƙafarta a kan buhu, tana jan carbi. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Auta, ba zan iya sake wannan hanya ba. Ka sani."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na wuni ina juya maganar. Idan na yi ƙarya, na shiga Makka da ƙarya a bakina, na kuma yi musun mutumin da ya koya mini rubuta sunana. Idan na faɗi gaskiya, mai yiwuwa na hana matar da ta goye ni ganin Ɗakin Allah. Ban gaya wa kowa abin da na yanke ba, domin har muka kama hanya ranar Asabar ban yanke ba.

Mun isa tun kafin rana ta yi zafi. Gidan dogo ne, na farin dutsen teku, tagoginsa na katako mai huda-huda. Shaihin tsoho ne ƙanƙane, yana zaune a kan darduma da gilashin ƙara girman rubutu a hannu. Ma'aikacin kwastan yana gefe, littafina a kan cinyarsa. Saura kwana uku a hau Arfa.

Tambaya ta farko, wa ya rubuta. Na ce ni. Ta biyu, alamar ta wace ce. Na ce ta abokin aikina ce, na bayyana yadda muke sa wa kaya alama. Ta uku, daga ina na samo maganganun.

Na ji numfashin Yaya a bayana. Na ce, "Daga littafin addinin abokina. Kirista ne. Shi ya koya mini boko da su. Ya ce hikimomin Annabi Sulaimanu ne."

Abdullahi bai fassara ba, ya zuba mini ido.

"Ka faɗa masa yadda na faɗa," na ce.

Ya faɗa. Ma'aikacin ya miƙe tsaye yana magana da ƙarfi, yana nuna ni da littafin. Ban ji Larabcin ba, amma na ji "Nasara" sau uku. Na damƙe gefen haramina, na danne fushina. Shaihi ya bar shi ya gama, sannan ya karɓi littafin ya miƙo mini.

"Ya ce ka karanta," in ji Abdullahi. "Duka, daga farko. Kada ka tsallake komai."

Na fara. Ta ɗaya a kan tururuwa ce da malalaci. Abdullahi ya juya da Larabci. Shaihi ya sa aka maimaita, sannan ya ce malaminsa ya taɓa gaya musu irinta suna yara, amma ga Lukmanu ya jingina ta. Ta huɗu a kan mai tauye awo ce. Shaihi ya karanto ayar da ta yi magana a kan haka, ni ma na san ta, na bi shi a hankali. Ta tara a kan aboki ce da ranar wahala. Shaihi ya lumshe ido ya fara rera wani baiti na mawaƙan Larabawa na da, ya kai tsakiya ya tsaya yana neman sauran. Sai ga ma'aikacin kwastan ya ƙarasa masa, da alama tun a makaranta ya haddace. Yana rufe baki ya gane abin da ya yi, ya koma ya zauna yana gyara hularsa.

Ta goma sha bakwai a kan yadda ƙosasshe da mayunwaci suke kallon abinci ce. Ban gama ba Yaya ta yi tsaki.

"Wannan ai maganar Kaka ce! Duk ranar da muka yatsina wa tuwon dawa fuska sai ta faɗe ta. Matar da ba ta taɓa ganin Bature ba, balle littafinsa. Wa ya ba su?"

Shaihi ya tambayi abin da tsohuwa ta ce. Da aka gaya masa, ya ce a gaya wa Hajiya ba ta kakarta ba ce ita kaɗai, tasa kakar ma ta sha faɗa masa.

Ta ashirin da shida a kan mutumin da yake iya riƙe fushinsa ce.

"Auta, da hannunka ka rubuta wannan?" in ji Yaya. "Shekara shida tana aljihunka, sai yau na ga ka yi aiki da ita."

Wannan ma sai da aka fassara. Kafaɗun shaihi suka girgiza.

Na kai ta arba'in da ɗaya. Tun da an ce kada in tsallake komai, na juya shafi na ci gaba: "Maiduguri, taya ta fashe sau uku. Fallomi, sauro. Jinena, allura biyu, Yaya ta zagi mai allura." Shaihi ya ɗaga hannu ya ce ya isa.

Hukuncinsa uku ne, kuma na ji daɗin yadda ya jera su. Na farko, bai ji komai na ibadar wani addini ba a cikin abin da aka karanta, mutumin da ya faɗi gaskiyar da za ta iya cutar da shi kuwa ba mai ɓoye-ɓoye ba ne, a mai da mana fasfo. Na biyu, ma'aikacin ya yi aikinsa daidai, littafi mai wannan alama ba zai shiga Makka ba. Na uku, littafin zai zauna amana a wurinsa har mu sauko. Ya ƙara da cewa mutum mai tsari irina bai kamata ya ɗauko abu tun daga ƙasarsu bai dubi bangonsa ba. Na karɓi wannan, domin gaskiya ce.

Ma'aikacin ya ciro fasfo biyu daga aljihunsa, ashe ya taho da su. Ya miƙa wa Yaya nata da hannu biyu. A waje Abdullahi ya share gumi ya ce, "Wallahi, ya Hajji, ka tsufar da ni. Yalla, mu hanzarta, akwai motar da za ta tashi bayan azahar."

Masu tambayata labarin Makka da Arfa su yi haƙuri, ba ni da shi a jere, domin littafina yana Jidda. Abin da zan ce kawai, Yaya Asabe ta tsaya a Arfa da ƙafafunta, ta yi kuka, ta yi wa Kaka addu'a da suna.

Da muka sauko na koma Balad tare da Abdullahi, a hantsi. Shaihi ba ya nan, amma ya bar littafin a naɗe cikin farin ƙyalle. Bangon yana nan yadda yake. A ciki kuwa, gefen maganganun cike yake da ƙananan haruffan Larabci. Ashe ya sa Abdullahi ya riƙa zuwa yana lalubo bokon yana sake fassara masa, shi kuma yana rubuta 'yar'uwar kowace magana daga abin da ya sani. Guda takwas ya bari babu komai. A ƙarƙashin ta tara, ta aboki, ya ƙara layi ɗaya, Abdullahi ya ce gaisuwa ce ga mai alamar.

Ranar da na koma aiki na kai wa Istifanus littafin a inuwar tarago. Ya daɗe yana juya shafukan da baƙin yatsansa. Na ce haruffan na iya karanta su, ma'anar kuwa sai mu kai wa limamin tasha.

"A'a, Alhaji," ya ce. "Gaisuwar tawa ce, da idona nake so in karanta ta. Ka koya mini haruffan. Amma da sharaɗi: ban da wajen ibada."

Na ce na san sharaɗin, ni na fara kafa shi.

Yanzu mun kai harafi na biyar. Yana da saurin ganewa, sai dai har yau in ya ɗauki alƙalami daga hagu yake farawa.